A Ƙofar Wa Za A Yi Sallama Idan Marubuci Ya Rasu?

A watan Agusta na 1973 wata matashiyar marubuciya baƙar fata mai suna Alice Walker ta sauka a jihar Fulorida ta Amurka, tana neman kabarin matar da ba ta taɓa gani da idonta ba. Shekarunta 29 a lokacin, kuma sai bayan shekara goma ne littafinta The Color Purple zai ci kyautar Pulitzer. Matar da take nema ita ce Zora Neale Hurston, wadda ta rasu ranar 28 ga Janairu 1960 a gidan kula da marasa galihu na garin Fort Pierce. Maƙwabta ne suka yi karo-karo aka yi mata sutura. Kuɗin bai kai a sa wa kabarin alama ba.

Ba dangin iya ba na baba tsakanin matan biyu. Littafi ne ya haɗa su. Walker ta ci karo da Mules and Men, inda Hurston ta tattara tatsuniyoyi da labarun baƙaƙen fatar kudancin Amurka, ta kai wa 'yan uwanta ta karanta musu, sai ta ga sun gane labarun da suka ji tun suna yara suka manta. Daga nan ta shiga bin sawun marubuciyar. Abin da ta tarar ya tayar mata da hankali: matar da ta yi karatu a Kwalejin Barnard a ƙarƙashin Franz Boas, wadda ta rubuta Their Eyes Were Watching God a 1937, ta ƙare rayuwarta har da aikatau a gidan masu kuɗi, kuma littattafanta sun ɓace daga kasuwa.

Saura ƙiris ma takardunta su bi ta. Bayan rasuwarta an tura wani ya share gidan da ta zauna, shi kuwa ya tara abin da ya tarar ya cinna wuta. Wani jami'in tsaro da ya san ta ya zo wucewa, ya ga hayaƙi, ya ja tiyon ruwa ya kashe wutar. Abin da aka ceto yana ajiye yau a Jami'ar Fulorida, wasu takardun da bakinsu a babbake. Mai sharar ba mugu ba ne. An ce masa ya share, ya share, don babu wanda aka ɗora wa nauyin cewa wannan tarin takarda ba shara ba ce.

Da Walker ta isa Eatonville, garin da Hurston ta tashi, ta san dattawan wurin ba za su saki jiki da baƙuwa ba, sai ta ce musu ita 'yar ɗan'uwan marigayiyar ce. Da wannan aka buɗe mata baki, aka nuna mata hanyar Fort Pierce. A can ta tarar da maƙabartar ta zama saura, ciyawa har ƙugu. Ta kutsa ciki tana tsoron maciji, tana kiran sunan mamaciyar, har ƙafarta ta faɗa wani wuri da ƙasa ta lotsa daidai tsawon mutum. Nan ta tsayar a matsayin kabarin. Ta so sayen wani baƙin dutse mai kyau, aljihunta bai kai ba, ta sayi mai ruwan toka aka rubuta suna da shekaru. Shekarar haihuwar da aka sa, 1901, kuskure ce. An haifi Hurston a 1891, ita da kanta ta daɗe tana rage wa kanta shekaru.

Ƙaryar da Walker ta yi ba abin yabo ba ce, kuma nasarar da ta biyo baya ba ta wanke ta ba. Dattawan da suka ba ta labari sun ba wa wadda suka ɗauka jininsu ce, kuma suna da haƙƙin su san wa suke wa magana. Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce me ya sa mai neman alheri ga marigayiya sai da ta ari rigar dangi kafin a saurare ta. Amsar a fili take: babu ƙofar da aka tanada domin irinta. Babu wakili, babu adireshi, babu wanda zai ce ga abin da za a iya gani, ga wanda ba za a iya ba.

A watan Maris na 1975 Walker ta buga labarin tafiyarta a mujallar Ms. Robert Hemenway ya fitar da tarihin rayuwar Hurston a 1977, aka sake buga Their Eyes Were Watching God, yau kuma yana cikin littattafan da ake karantarwa a makarantun Amurka. Tun 1990 ake bikin tunawa da ita duk shekara a Eatonville. Danginta sun kafa kwamitin amintattu da ke kula da haƙƙin ayyukanta, mai son fassara ko yin fim ya san inda zai nufa. Ta wannan hanya ne Barracoon ya fito a 2018. Hirarraki ne da ta yi da Oluale Kossola, wanda aka fi sani da Cudjo Lewis, mutumin da mayaƙan Dahomey suka kama aka sayar a Wida, aka kai shi Amurka a jirgin ruwan Clotilda a 1860. Ta gama rubutun tun 1931, masu ɗab'i suka nemi ta gyara Turancin tsohon ya koma na makaranta, ta ƙi. Shekara 87 rubutun ya yi yana jira.

Kafin a kai ga haka, gidan Hurston gida ne da ba shi da mai tsaro. Akwai kuma gidan da mai tsaronsa ya garƙame ƙofa ya jefa makulli a aljihu. James Joyce, marubucin Ulysses ɗan ƙasar Ailan, ya rasu a 1941, daga baya ragamar gadonsa ta koma hannun jikansa Stephen. Shekaru da dama manazarta suna tsoron wasiƙarsa. A 1988 ya bayyana wa taron masana cewa ya lalata wasu wasiƙun gwaggonsa Lucia. A 2004 sai da majalisar Ailan ta yi gyaran doka cikin gaggawa kafin ɗakin karatu na ƙasa ya iya baje kolin rubuce-rubucen Joyce da ke hannunsa ba tare da fargabar ƙara ba. Carol Shloss, malama a Jami'ar Stanford da ta rubuta tarihin Lucia, ta kai masu gadon kotu a 2006, aka sasanta, daga baya aka biya ta dala 240,000 na kuɗin shari'a.

Duk da haka bai kamata a yi wa Stephen kuɗin goro ba. Lucia ta shafe shekaru masu yawa a asibitin masu taɓin hankali har ta rasu a 1982. Ga manazarci, babi ce a littafi. Ga Stephen, gwaggo ce da ake tone asirin ciwonta a gaban duniya. Bahaushen da ya san nauyin rufin asiri ba zai rasa fahimtar wannan ba. Inda jikan ya kauce shi ne ya kasa bambanta wasiƙar cikin gida da littafin da kakansa ya rubuta don duniya ta karanta, ya yi musu tsaro iri ɗaya. Da haƙƙin mallakar ya ƙare a Turai a farkon 2012, masu karatu suka yi murna kamar an sako fursuna, kuma wannan ba abin da wani gida zai so a tuna shi da shi ba ne.

Misalin da ya fi kyau ba sai an tsallaka teku ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rasu a Sakkwato a 1864, ta bar waƙoƙi da rubuce-rubuce cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo, kuma a gidan Waziri ne aka adana takardunta, hannu zuwa hannu, fiye da shekara ɗari. Aka wuce zuwan Turawa a 1903, aka wuce damuna bayan damuna, gara da ɓera ba su ci galaba ba, domin gidan ya ɗauki takarda a matsayin amana. Sai ga Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta zo Nijeriya aikin koyarwa a 1955, ta kamu da son sanin wannan baiwar Allah. Ba jininta ba ce, ba addininta ba ne, ba harshenta ba ne. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga tsatson Asma'u, ya ba ta damar ganin takardun.

Abin da ya fito daga wannan sallama da amsawa ba ƙarami ba ne. Boyd ta buga The Caliph's Sister a 1989. A 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu, ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Asma'u a maɗaba'ar Jami'ar Jihar Michigan, littafi mai shafi sama da 700. Yau ɗaliba a Kano ko Alƙahira ko Landan tana iya rubuta digirinta kan 'yan taru, tsarin karantar da mata da Asma'u ta kafa. Kafin Boyd ma, Murray Last ya amfana da ɗakin karatun Waziri wajen rubuta The Sokoto Caliphate na 1967. Gidan bai rasa komai ba. Sunan kakarsu ne ya ƙara nisa.

Sirrin a nan shi ne akwai mutum ɗaya da kowa ya san shi ne mai magana. Malami ne da ya san abin da ke cikin gafakarsa, ya san darajarsa, yana iya auna baƙo ya gane mai neman ilimi da mai neman ganima. Ita ma baƙuwar ba ta zo da gaggawa ba. Ta zauna a ƙasar kusan shekara talatin, ta koyi Hausa, ta bi ta zaure kamar kowa.

Tambayar ita ce marubutan boko na Hausa nawa ne suka sami irin wannan gata. A ɗauki matashi a Zinder ko Kumasi da ya tashi da Magana Jari Ce, yana son ya fassara shi zuwa Faransanci, ko ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube, ko ya mayar da labarin aku da sarki zanen yara mai motsi, kuma yana son ya yi abin bisa ƙa'ida. Marubucin littafin, Abubakar Imam, ya rasu a 1981. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu, wato ayyukan Imam suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma har ƙarshen 2036. To wa matashin zai rubuta wa? Bangon littafi zai nuna masa kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya. Amma ko kamfani ne ke da ikon ba da izinin fassara ko magada, wannan ya dogara ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun asali, kuma irin waɗannan tsofaffin littattafai sun ratsa hannun hukumomi da dama, daga Hukumar Talifi ta zamanin Rupert East zuwa Kamfanin Gaskiya da NORLA, kafin a kafa NNPC a 1966. Makaranci na gari ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin waɗannan takardu.

Sakamakon haka shi ne mai ladabi ya gaji ya haƙura, marar ladabi kuma bai ma tambaya ba. Shi ya sa ake ganin tsofaffin littattafan Hausa suna yawo a wayoyi kyauta, shafuka a karkace, wani lokaci ba sunan mai shi, magada kuwa ko anini ba su gani ba. Rashin ƙofa bai taɓa hana ɓarawo shiga ba, mai sallama kaɗai yake korewa.

Gidan Imam ma yana cikin masu sa'a, domin an tattara tarihin rayuwarsa da ya bari, Abdurrahman Mora ya tace, aka buga a 1989. Sa'adu Zungur ya sami Ɗandatti Abdulƙadir da ya tattara waƙoƙinsa, Aƙilu Aliyu ya sami Ɗalhatu Muhammad da ya tsaya har Fasaha Aƙiliya ta fito. Duk waɗannan masoya ne kafin su zama manazarta. Inda abin ya fi ban tsoro shi ne adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980. A nan marubuciya ita ce mai rubutu, ita ce mai biyan maɗaba'a, ita ce mai kai wa dillali. Babu kamfanin da ya ajiye kwafi. Lokacin da kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi, an sami wadda za a nemi yardarta domin marubuciyar tana raye. Ɗaruruwan takwarorinta fa, ranar da ta Allah ta kasance? Na yanzu kuma da suke rubutu kai tsaye a waya suna sakewa a WhatsApp da Wattpad, adakarsu ita ce wayar, makullinta kuwa lambobi ne da ke cikin kansu kaɗai.

Akwai kuma batun rabon gado, wanda ba a cika son taɓawa ba. Idan mutum ya rasu ana lissafa gida da gona da mota da kuɗin banki, a fitar wa mata tumuninsu, a raba saura tsakanin 'ya'ya. Da wuya a ji an ambaci haƙƙin littafi a zaman, alhali dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin talifi abin mallaka ne da shari'a ta kare. Matsalar ita ce ba a yanka shi kamar gona. Marubucin da ya bar 'ya'ya goma sha biyar, bayan shekara arba'in masu haƙƙi a littafinsa sun zama jikoki barkatai a garuruwa daban-daban. Mai ɗab'in da ke son sake bugawa ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba, zai nemi wani littafin ne kawai. Haka aiki ke mutuwa ba tare da kowa ya yi niyyar kashe shi ba.

Maganin ba ya buƙatar sabuwar doka. Fiƙihu ya san wasiyyi, ya san wakili, ya san waƙafi. Marubuci yana iya rubuta takarda tun yana da rai, a gaban shaidu, ya ambaci wanda zai kula da takardunsa, ya lissafa abin da ya buga da wanda bai buga ba, ya ajiye kwafin yarjejeniyar da ya yi da masu ɗab'i, ya faɗi abin da yake so a ɓoye. Idan bai yi ba, magada suna iya zaɓen mutum ɗaya a cikinsu ya yi magana da yawun kowa, abin da ya shigo a raba bisa kason gado. Ba lallai ya zama babban ɗa ba. Sau da yawa wadda ta fi kowa sanin inda baba yake ajiye rubutunsa 'ya ce ko matarsa, kuma ita ce ba a tambaya. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohin Arewa, kuma ajiye rajistar da ke nuna wakilin kowane marigayin marubuci aiki ne da reshe ɗaya zai iya farawa da littafin rubutu guda. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mumbayya a Kano da sassan Hausa na jami'o'i sun san aikin adana takarda.

Sai dai iyalan da ke ɗari-ɗari da baƙo suna da dalili, kuma masoya ne suka jawo. Gidajen malamai da na mawaƙa da yawa suna da labari iri ɗaya: wani ya zo da fara'a, ya ce bincike yake yi, aka ba shi aron kwafi ɗaya tilo da ke gidan, ya ce mako biyu zai dawo da shi, shi ke nan. Wani kuma ya kwashi hira da hotuna ya sami digiri, ko kwafin abin da ya rubuta bai aiko ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yanzu da kowace waya ke ɗaukar hoto mai kyau, babu sauran hujjar fitar da takardar asali daga gida. A zauna a zaure a ɗauka a gaban mai gida, a bar masa kwafi, a rubuta abin da aka amince a yi da shi.

Mai zuwa kuma ya tuna cewa marubucin da yake ji kamar nasa ne uban wasu ne. Ya san shi ta shafukan da ya zaɓa ya nuna, su kuwa sun san shi da rashin lafiyarsa da bashinsa da fushinsa. Wasu ma littafin da baƙo ke yabo shi ne ya cinye lokacin da ya kamata a ba su. Don haka ba a faɗa wa gida da buƙata ana zaman makoki. A nemi wanda gidan ya sani ya yi jagora, a faɗi suna na gaskiya da manufa ta gaskiya, in akwai kuɗi a cikin lamarin a faɗa tun farko. In an yi sallama sau uku ba a amsa ba, a juya, a bar adireshi. Gidan da ya ce a'a bana yana iya aikowa da kansa bayan shekara biyar, idan ya ga mai neman bai je ya ɓata sunansa a Facebook ba.

Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja duk sun rasu a 1958. Bisa lissafin dokar 2022, daga ranar 1 ga Janairu 2029 kowa yana iya buga waƙoƙinsu da aka riga aka sani ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da wa'adin doka ba zai fito da shi ba shi ne abin da bai taɓa barin gida ba: wasiƙu, baitocin da aka soke aka sake, waƙar da aka fara ba a ƙarasa ba. Irin waɗannan, in suna nan, suna cikin adaka a ɗakin wani tsoho ko wata tsohuwa a Bauchi ko Haɗeja, kuma waɗanda suka ga mawaƙan biyu da idonsu suka iya gane rubutun hannunsu duk sun haura shekara saba'in.